Ban da gidajen Lokos, me Shagari ya bari?

Nura: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Jiya da daddare wani abokina da ya zo daga Kano ya tambaye ni dalilin da ya sa ake ce wa unguwarmu ta nan Katsina Shagari Lokos. Na ce shugaban ƙasa Shagari ne ya gina gidajen. Ya ce to ban da su me ya yi? Wallahi sai na yi tsuru-tsuru. Iyakar sanina Buhari ya yi masa juyin mulki a 1983, sai kuma abin da malaminmu ya ce, wai ɗan ra'ayin riƙau ne. Don Allah waɗanda suka ga zamanin a warware mana.

Baba Malam: Wa alaikumus salam Nura. Ka yi tambaya mai kyau, amma ka faro daga wutsiya. Ku yaran yanzu kun ɗauka a 1979 mutumin ya faɗo daga sama. Ina! Kafin ya zama shugaban ƙasa ya shekara ashirin da biyar yana shiga yana fita a gwamnatin tarayya.

An haife shi a ƙauyen Shagari a 1925. Malamin makaranta ne kamata, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya riƙe makaranta a Argungu. A 1954 aka zaɓe shi majalisar wakilai a Ikko ƙarƙashin NPC. A 1958 ya zama sakataren majalisa na Tafawa Ɓalewa, daga nan sai minista: raya tattalin arziki, harkokin ma'aikata, cikin gida, sannan ayyuka, har zuwa juyin mulkin Janairun 1966. Tare suka zamna a majalisar ministoci da namu, Malam Musa 'Yar'aduwa, wanda ke riƙe da harkokin Ikko. Da soja suka watsa su ya koma gida, bai tsaya raɓe-raɓe a bakin barikoki ba. Gowon ne ya aika aka kira shi a 1970, shekara guda bayan haka ya gaji Awolowo a ma'aikatar kuɗi. Ranar da muka bar fam da sule da sisi muka koma naira da kwabo a 1973, shi ne kwamishinan kuɗi na tarayya. Wannan nairar da ke aljihunka a hannunsa ta fara aiki.

Kawu Sule: To ga 'yan Aminci sun fara. Malam, ka karanto mana muƙamai kamar ana kirari a fada. Yaro ya tambayi abin da aka yi, kai kana lissafa kujerun da aka zamna.

Baba Malam: Sule, ka bari in sauke numfashi mana. Shekara arba'in da ɗoriya har yau ba ka huce ba?

Kawu Sule: Ban huce ba. Nura, bari in fassara maka riƙau ɗin da malaminku ya faɗa, don ni na gan shi da idona ba a littafi ba. NPC jam'iyyar sarakuna ce da hakimai da attajirai. NPN ɗiyarta ce, riga kawai aka canza, aka ƙaro manyan Kudu. Aƙidarsu ita ce a bar kowa inda Allah ya ajiye shi: mai sarauta da sarautarsa, talaka da fartanyarsa, a yi gyara a hankali in ma za a yi. Mu kuma 'yan NEPU da PRP muka ce ba Allah ya ɗora wa talaka haraji da jangali ba, mutane ne. Ina yaro na ga an zaunar da mahaifina a rana a ƙofar gidan mai gari saboda kuɗin haraji bai cika ba, sai da aka sayar da akuyar innarmu. Balarabe Musa na hawa a Kaduna a 1979 ya soke haraji da jangali, Rimi ma ya soke a Kano. Wannan shi ne bambancin mabuɗi da gida da masara.

Nura: Kawu mene ne mabuɗi da gida da masara kuma?

Goggo Hajara: Alamun jam'iyyu ne ɗana. PRP mabuɗi, NPN gida da masara. In an ce NPN a ce Aminci, in an ce PRP a ce Nasara. Gidan da kake ciki shi ne gidan da ke jikin tutar. An yi alkawarin gida dubu biyu a kowace jiha duk shekara, ba a kai ko kusa ba, amma dai an gina wasu, ga shi kana kwana a ciki. Masarar ce zan zo kanta in waɗannan tsofaffin sun gama.

Baba Malam: Ban musa labarin akuya ba Sule, an yi zalunci a zamanin En'e. Amma ka faɗa wa yaro gaskiya, riƙau ɗin nan shi ya kawo mutumin da bai taɓa zagin abokin hamayya a bainar jama'a ba, ni dai ban taɓa ji ba. Shi kujerar sanata ma yake nema, aka matsa mashi. A taron fid da gwani na Disambar 1978 akwai Maitama Sule, akwai Adamu Ciroma, akwai Saraki da Tarka, duk gogaggu, aka tsaya a kansa saboda shi ne wanda kowa zai iya zama da shi. Ya ɗauki Ekwueme mataimaki, shekara tara kacal bayan yaƙin basasa. Ya yafe wa Gowon, ya yafe wa Ojukwu ya dawo gida a 1982. Ya naɗa mata minista. Mafi ƙarancin albashi naira 125 a 1981 aka yi shi. Jami'o'in fasaha na Bauci da Yola da Minna da Owerri da Akure duk na lokacinsa ne.

Kawu Sule: Naira 125 sai da ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da ƙasa da yajin aiki aka bayar, ba kyauta ba ce. Kuma wannan da ka ce "wanda kowa zai iya zama da shi", ai nan gizo ke saƙar. Manyan jam'iyya sun zaɓi wanda ba zai taka masu birki ba ne.

Barista: Baba da Kawu ku gafarce ni in sa baki a kan 1979, don 'yan aji irin su Nura na yawan tambayata. Tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari ya fi kowa ƙuri'a, sama da miliyan biyar da rabi, Awolowo na bin sa da kusan miliyan biyar. Ya samu rubu'in a jihohi 12 cif. Ta goma sha ukun ita ce Kano, inda Malam Aminu ya kwashe, Shagari ya tashi da ɗan ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Awolowo ya ce biyu bisa ukun 19 ai 13 ne, tunda ba a gutsura jiha. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku, don haka a Kano rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'un kawai ake bukata. Kotun ƙoli ta yarda da shi kwana kaɗan kafin rantsuwa, Mai shari'a Kayode Eso ya ƙi. Akinjide kuma ya zama ministan shari'a.

Kawu Sule: An raba Kano gida ukku kamar tsire. Allah ya jiƙan Malam.

Abba Ɗan Daura: Barista, kada a manta wanda ke mataimakin Obasanjo ranar da aka miƙa mulkin, Shehu Musa 'Yar'aduwa ne. Ɗan Katsina na cikin waɗanda suka ba shi, ɗan Daura ya karɓe. Duk abin a gidanmu ya ƙare.

Goggo Hajara: Ai gidan 'Yar'aduwa ma kansa rabuwa ya yi. Uban jigo ne a NPN, Umaru kuwa yana PRP. Haka gidaje da yawa suke a birnin nan. Mu a gidanmu maigida ɗan Aminci, ƙanensa ɗan santsi, wato wani ɓangare na PRP, akushi ɗaya suke ci amma kowa da rediyonsa.

To masara. Ni a lokacin ina sayar da hatsi a cikin gida, yara na kai mani talla. An ce za a yi juyin noma, Najeriya ta ci da kanta. Taki ya zo, ba ƙarya, da araha ƙwarai, har wasu ba su san darajarsa ba. Amma a lokaci guda sai ga jiragen ruwa cike da shinkafar waje. Ita ce muke ce wa 'yar gwamnati. Fara sol, ba tsakuwa, ba sai ka zauna da faifai kana tsinta ba. Amarya in ba ita aka dafa a bikinta ba sai a yi ta gulma. Shinkafar Hausa da nake saro wa daga fadama ta koma abincin wanda ba shi da hali, tiya uku sai ta kwana biyu a gabana. Ka ce wa manomi ya yi noma, sannan ka cika kasuwa da abin da ya fi nasa kyan gani? Daga baya da kuɗin suka ƙare, 'yar gwamnatin ta ɓace, ta Hausar kuma an rage nomanta. Biyu babu.

Kawu Sule: Goggo faɗi sunan mai shinkafar mana. Umaru Dikko, ministan sufuri, shi aka ɗora a kan kwamitin shigo da ita. Lasisin shigo da kaya ya zama goron jam'iyya. A ba ɗan siyasa takarda, wanda ko teburin cingam bai taɓa kafawa ba, ya sayar wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya fanshe a kan talaka.

Baba Malam: Ku haɗa da man fetur in za ku yi adalci. Da ya hau, gangar mai na neman dala 40. Daga 1981 kasuwa ta cika, masu saye suka ja baya, kuɗin shiga ya zube. Ko wane ne a kujerar sai ya ji a jikinsa.

Barista: Haka ne Baba, amma Awolowo ya yi gargaɗi tun tsakiyar 1981 cewa tattalin arziki na shirin kifewa, gwamnati ta ce siyasa ce kawai. Ba a cika shekara ba, a Afrilun 1982, aka kawo dokar tsuke bakin aljihu. Sannan a farkon 1983 aka kori baƙi marasa takarda, galibinsu 'yan Gana, sama da mutum miliyan ɗaya. Wannan jakar da muke zuba kaya a cikinta, Ghana Must Go, daga nan ta samo sunanta. Mu nan kan iyaka 'yan Nijar ma abin ya shafe su.

Injiniya: Ina karantawa tun ɗazu, bari in ce wani abu a kan abin da na sani. Nura, in abokinka ya sake tambaya, ka kai shi ya ga kamfanin mulmula ƙarfe. A 1982 aka buɗe shi, Japanawa suka gina. Uku ne irinsa, Katsina da Jos da Oshogbo. Tsarin shi ne a narka ƙarfe a Aladja can Delta, a ɗauko sandunan a kawo mana, mu mayar da su rodi da waya. Ni ina saurayi na ga lokacin da ƙarfe ke fitowa ja wur yana gudu a kan na'ura kamar maciji, zafinsa na dukan fuskarka daga nesa. Da yamma in an tashi aiki, kekuna da babura sai su cika titi, masu abinci da masu shayi duk sun samu. Aure nawa aka ɗaura da albashin wurin!

Amma gaskiya biyu zan faɗa. Ta farko, tsarin tun zamanin soja aka fara shi, Shagari ya ƙarasa ya buɗe. Ta biyu, an gina masana'antar da abincinta ke zuwa daga nisan kilomita kusan dubu a bayan tirela. In Aladja ta yi tari, mu nan sai mu kwanta. Ajaokuta da aka ce ita ce uwa har yau ba ta haihu ba. Madatsar Zobe ma a lokacinsa aka gama ta, ruwan ya shekara da shekaru yana kallonmu muna kallonsa.

Baba Malam: To wannan laifin wanda ya gina ne ko na waɗanda suka biyo baya?

Injiniya: Na kowa ne Baba. Amma wanda ya gina ya fi wanda ya bari ya lalace, wannan kam na ba ka.

Kawu Sule: Mu dawo Kaduna, don a lokacin ba jihar Katsina, sai 1987. Talakawa suka zaɓi Balarabe Musa ya kayar da Lawal Kaita. NPN ke da rinjaye a majalisar jiha, suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, mutum ya yi kusan shekara biyu yana mulki ba kwamishina ko ɗaya, a Yunin 1981 suka tsige shi. Gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a ƙasar nan. Ina shugaban ƙasa mai haƙuri yake a lokacin?

Baba Malam: Majalisar jiha ce ta yi, ba fadar shugaban ƙasa ba. Kuma kakakin majalisar, Mamman Abubakar Ɗanmusa, namu ne. Wanda ya hau bayan an tsige, Abba Musa Rimi, namu ne. Lawal Kaita namu ne. Rikicin 'yan Katsina ne da Balarabe, kada ka jingina wa Basakkwace. Shi ma Balaraben ba ya lanƙwasuwa, ka sani na sani.

Kawu Sule: To Shugaba Darman fa? Shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, ɗan GNPP, a Janairun 1980 aka ɗauke shi aka tsallaka da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ta dawo da shi. Wannan ma majalisar jiha ce? Bakolori fa? Afrilun 1980, manoman da aka cinye wa gonaki don madatsar ruwa suka tare hanya suna neman diyya, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe masu wuta. A jiharsa ta haihuwa, Malam. Ka ba ni amsar wannan.

Shugaban zaure: Iyaye a yi a hankali, akwai yara a zauren. A ci gaba amma ban da gugar zana.

Abba Ɗan Daura: Ni ba a haife ni ba lokacin, amma duk abin da Kawu da Goggo suka faɗa shi ne hujjar juyin mulkin 31 ga Disambar 1983. Zaɓen 1983 kowa ya san yadda aka yi, a Ondo sai da aka ƙona gidaje aka kashe mutane kafin kotu ta mayar wa Ajasin kujerarsa. Malamai ba albashi, asibiti ba magani. Marigayi Janar Buhari bai ƙwaci mulki don daɗi ba, ƙasa ce ta zube.

Baba Malam: Abba, ni ina cikin malaman da ba a biya ba. Wata huɗu ina bin bashi, mai kanti ya daina amsa sallamata da fara'a. Ranar Asabar ce, da sanyin hunturu, ina shan koko a zaure rediyo na kan tabarma, sai kiɗan soja, sai muryar Birgediya Sani Abacha. Ba zan yi maka ƙarya ba, unguwarmu an yi murna. Wani maƙwabcina da ke da hoton Shagari a shagonsa kafin azahar ya cire ya tura ƙarƙashin buhu. Ni kaina ban yi kuka ba.

Amma wata ukku kacal da rantsar da mutum karo na biyu. Ya rage ministoci, ya kawo sababbin fuskoki, ba a bari an ga abin da zai yi ba. Soja suka ce gyara za su yi, gyaran ya kai mu 1999. Shi kansa Janar wata ashirin ya yi abokansa suka tuntsurar da shi, daga baya sai da ya bi layin ƙuri'a sau huɗu kafin ya dawo. Da an bar akwati ya yi aikinsa, ko a 1987 da mun canza su da hannunmu.

Abba Ɗan Daura: Da wane akwatin Baba? Wanda aka cika tun kafin gari ya waye?

Baba Malam: Wannan tambayar taka tana da nauyi, ban raina ta ba.

Barista: Abin da ya biyo baya ma abin dubawa ne. An rasa Birgediya Ibrahim Bako a Abuja a daren da aka je kama shi. An tsare Shagari a gida, Ekwueme kuwa aka kai shi Kirikiri, abin da 'yan Kudu ke gorantawa har gobe. Gwamnoni da dama kotunan soja suka yanke masu shekaru masu yawa, har da na PRP. Umaru Dikko ya tsere Landan, a Yulin 1984 aka same shi a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted ana shirin ɗauko shi. Shagari kuwa kwamitin Mai shari'a Uwaifo ya bincike shi bai same shi da satar kuɗi ba, aka sake shi a 1986 zamanin Babangida. Ya koma gida, Turakin Sakkwato, har ya rasu ranar 28 ga Disambar 2018 yana da shekara 93. Kuma Buhari ne shugaban ƙasa a ranar, shi ya sa aka sassauto da tuta.

Goggo Hajara: Ikon Allah ke nan. Ni dai abin da zan ce, ba wanda ya taɓa nuna mani gidan Shagari a Landan ko Dubai. Hannunsa tsaf. To amma mu mata mun san wani abu: in maigida salihi ne, yana masallaci yana lazimi, 'ya'yansa na haura katangar maƙwabta, ba a cewa gidan ya gyaru. Maƙwabta ba salihancinsa ya dame su ba, kajinsu ne suka ɓace.

Baba Malam: Hajara kin fi Sule iya sara.

Kawu Sule: Shi ya sa na yi shiru na bar mata.

Nura: Na gode ƙwarai iyaye. Na kwafe duka zan tura wa abokin nawa. Ashe jakar da na zuba littattafaina ma tana da labari. Amma Baba, tambaya ta ƙarshe, kai da ka ji yunwar wata huɗu, da za a dawo da 1983 wa za ka zaɓa?

Baba Malam: Shi zan sake zaɓa. Katina na jam'iyya na nan cikin akwati tare da takardar kama aikina, ban yar ba. Sai dai wannan karon da na gama dangwala zan rubuta mashi wasiƙa in lissafa mutum biyar da zai kora kafin ya shiga ofis.

Kawu Sule: Ba zai kore su ba, ai su suka kawo shi. Kuma Malam, na koma sama na duba, ka amsa Balarabe, ka amsa Abba, ka amsa Hajara. Bakolori ce ban ga amsarta ba.

Baba Malam: Na gani Sule, ban tsallake don mantuwa ba. An kira magariba a masallacinmu, bari in yi alwala.